Danni Biyu a Cikin Hazo

Kafin Mai Sawu ta iso filin jirgin, mutanen wurin sun gama yanke hukunci. Mai gadi ne ya fara isar mata da shi, tun bai ɗaga mata sandar ƙofa ba.

"Yaron nan ne na hasumiya, ranki ya daɗe. Auta. Kowa ya sani."

"Kowa ya gan shi?"

"Ai ba sai an gani ba."

Jiya da safe abin ya faru. An kwana ana ruwa, gari ya waye da farin hazo mai sanyi, wanda mutum ba ya ganin mai tahowa sai ya kusa buge shi. A irin wannan rana matuƙi ba ya ganin ƙasa. Wata eriya da ke gefen titin sauka ita ke zana masa gangara a cikin iska, allurar na'urarsa tana bi, muryar mai ba jirage umarni daga hasumiya kuma tana rakiyarsa har ya dira. Wani ƙaramin jirgin kaya ya biyo gangarar, ya zo ƙasa-ƙasa, ya daki turakun fitilu tun bai kai bakin titi ba. Mataimakin matuƙi ya mutu nan take. Kyaftin yana asibiti. Akwatin ɗaukar murya na jirgin ya ƙone.

Da wannan ne kaɗai, da an kira shi haɗari. Amma kafin yamma sai aka tarar an ɓalle ƙofar ɗakin na'urori, an ɗauke akwatin da ke naɗe duk maganar da ta shiga hasumiya ko ta fita. Auta ne ke kan rediyo lokacin da jirgin ya faɗi. Don haka Sufeton 'yan sanda ya tsare shi, kuma ya ce yau la'asar na yi zai tafi da shi.

Hukumar binciken haɗarin jirage ce ta turo Mai Sawu. Abokan aikinta su suka sa mata wannan suna, don ko'ina aka je, su suna kan takardu, ita tana can tsugune tana kallon ƙasa. Ba ta cika magana ba. Mutane sukan ɗauka kunya ce kawai, sai su yi ta zuba a gabanta.

*

Manajan filin ya kai ta ɗakin na'urorin da kansa, yana tafe yana share zufa duk da sanyin da ake yi. Wani dattijo mai furfura da tattausar murya yana biye da su. Shi ne Babban Hasumiya, wanda duk masu ba jirage umarni a filin suka koyi aiki a hannunsa, suna kiransa Baba.

"Mutum uku ke da makullin nan," in ji Manaja. "Ni, da Injiniya, da Baba. Yaron ba shi da shi, shi ya sa ya ɓalle. Kin ga ai magana ta fito."

Ta durƙusa a bakin ƙofar. An daki katakon da ƙarfe, ya tsage. Amma harshen makullin yana ciki, a miƙe, ko lanƙwasa bai yi ba, ramin da yake shiga a jikin bango kuma lafiyarsa ƙalau. Ƙofar a buɗe take aka dake ta. Ta shafa wurin da yatsa, ta miƙe.

"'Yata," in ji Baba a hankali, "in da hali a sassauta masa. Yaro ne mai hankali, tsoro ne ya kama shi. Ni na koya masa aiki."

"Kana saman hasumiya lokacin, Baba?"

"Na sauko kewayawa. Kin san tsufa."

Manaja ya yi dariya. Baba bai yi ba.

*

A ɗakin hutun ma'aikata aka ajiye Auta. Sufeto yana zaune a bakin ƙofa yana kaɗa ankwa a yatsa kamar makullin mota. Auta bai wuce a kira shi saurayi ba, idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa.

"Faɗa min abin da ka gani," in ji ta.

"A allo na gan shi, ranki ya daɗe. Ya yi ƙasa da yawa. Na danna maɓallin magana na ce masa ya fasa sauka, ya hau sama. Na faɗa da ƙarfi. Kuma ya amsa."

"Me ya ce?"

"Bai yi magana ba. Danni biyu ya yi." Ya matsa babban yatsansa a kan gwiwa sau biyu. "Ƙat, ƙat. Na ji a kunnena, wallahi."

Ta san dokar, shi ma ya sani. Duk umarnin da hasumiya ta bayar, sai matuƙi ya maimaita shi da bakinsa, ya haɗa da lambar jirginsa, don a tabbatar shi ne ya ji, kuma daidai ya ji.

"Danni biyu amsa ce?"

Ya sunkuyar da kai. "A nan amsa ce. Matuƙan da ke zuwa kullum mun saba da su. In hannunsu a cike yake, sai su danna maɓallin magana sau biyu, mun san sun ji. Har sallama da shi ake yi. Satin da na zo, ina ta cewa a maimaita min, wani kyaftin ya ce a rediyo wai an kawo musu aku. Kowa ya yi dariya. Daga ranar na daina."

"Da ka ji dannin, sai ka yi me?"

"Sai na saki numfashi. Na jira in ga ya hau. Bai hau ba."

"Akwatin da aka ɗauke fa?"

"Ni ne na fi kowa son a same shi! Dannin yana ciki."

"Kowane ɓarawo haka yake cewa, Hajiya," in ji Sufeto. "Shi ne ya fi kowa son a samu kayan."

Ta tambayi Auta ko shi kaɗai ne a sama. Ya ce Baba ya ɗan sauka. Ta ce ba doka ta ce a ranar hazo mutum biyu za su zauna ba? Ya ce haka ne, amma Baba yakan sauka da safe, ba ya daɗewa. Ta ce ina yake zuwa? Auta ya dubi Sufeto, ya dubi bango.

"Ba a tambayar Baba," in ji shi.

*

Kyaftin yana kwance, an naɗe masa ƙirji da hannu ɗaya. Da ta ambaci danni biyu, sai ya yunƙura zai tashi, ciwo ya mayar da shi.

"Ƙarya yake! Ban danna ba."

"Ba ka taɓa yi ba?"

"Kullum ina yi, 'yar'uwa, ba zan ɓoye miki ba. Duk muna yi. Amma jiya ban ji muryarsa ba sam. Babbar cibiya ce ta rako mu, ta ce mu koma tashar hasumiya. Yarona, mataimakina, yana cikin murɗa tashar ke nan. Hannunsa yana kan abin murɗawar na ga turakun."

"Ba ka ga kun yi ƙasa ba?"

"Allura tana tsakiya cif. Na'ura ta ce min ina kan gangara. Da me zan yi gardama, alhali ko hancin jirgina ba na gani?"

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar. In Auta bai yi ƙarya ba, kuma Kyaftin bai yi ba, to akwai hannu na uku a kan tashar. Kuma wani abu ya karkatar da gangarar a daidai lokacin.

*

Injiniya ɗan gajere ne mai saurin fushi. Ta same shi a rumfarsa, yana cin burodi da hannu ɗaya, yana nuna ta da ɗayan.

"Eriyata lafiyarta ƙalau. Na gwada ta kafin, na gwada ta bayan. Duk abin da ya lalace a filin nan sai a ce Injiniya. Ko fanka ta tsaya, Injiniya. Saura in matar mutum ta yi yaji a ce Injiniya."

"Me zai sa ta yi ƙarya na ɗan lokaci, sannan ta dawo daidai?"

"Sai dai in an tare mata gaba da babban ƙarfe. Kamar mota. Shi ya sa aka hana kowa bi ta—"

Ya tsaya. Duk suka juya suka kalli motar aikinsa da ke ajiye a gindin hasumiya. An watsa mata ruwa daga sama, amma jan taɓo ya bushe a ƙarƙashinta har kan ƙarfen tayoyi. Akwai oba-oba a maƙale a gaban motar, wadda ake jin hasumiya da ita.

Sufeto, wanda ya biyo su, ya yi murmushi. "Ga makulli, ga mota, ga rediyo. Ashe ankwa biyu zan nema."

"Ni? Ina kantin shayi da 'yan kwana-kwana tun asuba! Ku tambaye su!"

Aka tambaye su. Shugabansu ya ce tabbas suna tare, har Injiniya yana cin su a dara ana rigima lokacin da suka ji ƙarar. Makullin motar kuwa a jikinta yake kwana, kowa ya sani. Da ta tambaye su wa ke ɗaukar ta da safe, sai kowannensu ya sami abin yi. Wani ya shiga naɗe tiyo, wani ya tafi duba taya.

Wannan shirun ya fi duk surutun da ta ji tun safe nauyi.

*

Ta cire takalman ofis ta sa na roba, ta shiga filin ita kaɗai. Gajimare ya sake haɗuwa, ciyawa tana jiƙa mata ƙafar wando. Daga nesa ana hango baƙin wurin da jirgin ya ƙone, da turakun da suka karye.

Daga gindin hasumiya ta ga hanyar. Layi biyu ne a cikin ciyawa, inda taya ta daɗe tana bi har ƙasa ta yi tauri. Ba aikin kwana ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba. Hanyar ta ratsa filin, ta zagaya ta bayan eriya da kyau, kamar mai bin ta ya san abin da yake gudu. Amma a wata kwana, sabon sawu ya rabu da tsohon. Mai motar ya kasa ganin kwanar, ya miƙe, ya faɗa cikin taɓo a gaban eriyar sak.

Nan tayoyi suka yi ta juyawa suna haƙa rami. Mutumin ya fito, ya kwaso duwatsu ya cusa, ya zame ya dafa da hannu, ga shatin yatsunsa. Ta tsuguna a kan sawun ƙafarsa. Duk wanda ke aiki a fili, daga Injiniya har masu yankan ciyawa, babban takalmi yake sawa mai haƙora a ƙasa. Wannan sawun kuwa sumul yake, ba zane, ba dunduniya, kamar an danna tafin hannu a laka.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta koma kan tsohuwar hanyar ta bi ta har ƙarshe.

Ta ɓulle ta wata ƙaramar ƙofar waya, a bayan gidajen ma'aikata. Gida na farko tagarsa a buɗe. Wata dattijuwa tana zaune a keken marasa lafiya, gefen fuskarta ɗaya ya saki, an lulluɓe mata ƙafa da bargo.

"Kai ne?" in ji ta, da jin motsi.

"A'a, Mama. Baƙuwa ce."

"Na ɗauka maigidan ne. Shi ke min allura da safe, ba na yarda da hannun kowa. Yau shiru. Jiya ma a makare ya zo, duk jikinsa laka, ya ƙi faɗa min abin da ya faɗi a filin." Ta ƙura mata ido ɗaya mai lafiya. "Ke kin sani?"

Mai Sawu ta ce ta zo wucewa ne kawai. Ta ji kunyar amsar har ta koma cikin ciyawa.

A gindin matakalar hasumiya akwai benci da jerin ƙusoshi a bango. Mai shara ta tare ta da ladabi, ta ce ba a hawa da takalmi. Ƙarar tafiya tana shiga makirufo, shi ya sa tun da can Baba ya kafa dokar kowa ya tuɓe a nan ya sa silifas ɗin yadi. Ga su nan a rataye, kowa da ƙusarsa. Mai Sawu ta bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, tana juya ƙasansu. Duk sumul. Duk a bushe, da ƙurar kafet. Na farkon layi ne kaɗai ke da sanyi, yana ƙamshin sabulu, kuma a cikin ɗinkinsa akwai jan layi siriri da wanki bai kai ba.

*

Ta ce a tara su a ofishin Manaja. Aka shigo da Auta, Sufeto yana riƙe da hannun rigarsa. Injiniya ya tsaya a jikin bango yana huci. Shugaban 'yan kwana-kwana ya zauna a bakin kujera. Baba ya shigo a ƙarshe, ya dafa kafaɗar Auta kafin ya zauna. A waje an fara yayyafi.

Ba ta saba magana a gaban taro ba, don haka tebur take kallo.

"Wanda ya ɗauki akwatin da makulli ya buɗe ƙofar, daga baya ya dake ta. Auta ba shi da makulli."

"To Injiniya ne," in ji Sufeto.

"Ubanka ne Injiniya!" in ji Injiniya.

"Ya isa," in ji Manaja.

"Motar Injiniya ce ta maƙale a gaban eriya, ta karkatar da gangarar," ta ci gaba. "Amma ba shi ke ciki ba. Kuma na lura duk wanda ke ɗakin nan ya san wa ke ɗaukar ta da safe. Kun yi shiru don tausayi, na gane. Sai dai shirun nan saurayin nan zai tafi da shi gidan yari."

Ta buɗe jakarta, ta fito da silifas ɗin, ta ajiye a kan tebur. Danshinsa ya yi shati a kan katako.

"Wanda ya fito daga motar ya taka laka da wannan. Sauri yake, bai tsaya sauya takalmi ba." Sai yanzu ta ɗaga ido. "Baba, na je har taga. Matarka ta tambaye ni ko kai ne."

Dattijon ya daɗe yana kallon silifas ɗin. Da ya buɗe baki, da muryarsa ta aiki ya yi magana, a natse, kamar yana ba jirgi umarni.

"Ta titi, zuwa gida zagaye ne mai nisa. Ta fili, kafin shayi ya huce na je na dawo. Ban taɓa bi ta gaban eriya ba. Jiya ban ga kwanar ba."

"Me ya hana ka kira hasumiya ka ce a tsayar da jirgin?"

"Na ce bari in gwada sau ɗaya in fita. Sai na ce sau ɗaya kuma. Ina cikin haka na ji yaron nan a oba-oba yana cewa a fasa sauka, a hau sama. Na ji daɗi. Na ce yawwa, ya gani, an tsira. Rediyon yana hannuna." Ya ɗaga hannun damansa ya dube shi kamar na wani. "Ban ce masa ya danna ba. Shi ya danna."

Auta ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro.

"Dannin jirgi daban yake da na oba-oba," in ji Injiniya a hankali, fushinsa ya tafi. "Duk wanda ya saurari akwatin zai gane."

"Ina yake?" in ji Mai Sawu.

"Cikin tankin ruwa na bayan hasumiya. Na naɗe shi a leda. Na kasa jefa shi haka nan."

Sufeto ya saki rigar Auta. Ya tsaya yana juya ankwar, ya rasa yadda zai fara, har Baba ya miƙo masa hannuwa da kansa.

Mai Sawu ta juya wajen Auta. Ba ta so ya fita da abin da ba gaskiya ba. Ta ce masa ba shi ya saci akwatin ba, kuma ba shi ya karkatar da jirgin ba, yau a gida zai kwana. Amma hukuma za ta tambaye shi dalilin da ya sa ya karɓi danni a matsayin amsa, kuma sai ya amsa wannan da kansa.

Kamar bai ji ta ba. Baba yake kallo.

"Jiya kai ka zauna kusa da ni har yamma, Baba. Kai ka kawo min ruwa. Ka ce in yi haƙuri, kowa yana kuskure."

"Na yi niyyar faɗa kafin su tafi da kai, ɗana."

"Motar 'yan sanda tana ƙofa tun azahar," in ji Auta.

Sufeto ya taɓa gwiwar hannun Baba, suka nufi ƙofa. A bakin ƙofar Baba ya tsaya, bai juyo gaba ɗaya ba.

"Allurarta tana cikin firij, a jikin murfi. A cinya ake yi. Tun safe ba ta samu ba."

Ɗakin gaba ɗaya ya faɗa wa, amma gefen Auta fuskarsa take. Manaja ya dubi taga. Shugaban 'yan kwana-kwana ya dubi takalminsa. Ruwan ya ƙaru a kan kwano, har sai da Auta ya ɗan ɗaga murya kafin a ji shi.

"Wannan ba ka koya min ba, Baba."